Cacar da ake zubawa ana tsaka da wasa: yadda za ka auna ta da doka, ka sa mata birki

Cacar ƙwallo iri biyu ce a wayar samarinmu, kuma a ƙasashe da dama doka ba ta yi musu kuɗin goro. Akwai ta da, wadda mutum zai cika kupon tun da rana, ya ce Real Madrid za ta ci, Arsenal za ta yi kunnen doki, ya ninke takarda ya sa aljihu ya jira dare. Akwai kuma wadda ake yi ana cikin wasa: wa zai samu kwana ta gaba, wa za a ɗaga wa kati, za a yi jifa cikin minti mai zuwa ko ba za a yi ba. Ita wannan ta biyun, kafin ka kurɓi shayi sau biyu an ci ka ko ka ci, kuma wayar ta riga ta miƙo maka wata.

Ni gidan kallon ƙwallo nake riƙe da shi a nan Tawa, rumfar kwano da bencina, talabijin biyu, da gurup saboda ranar da wuta ta ɗauke. Dala ashirin ake shiga, a gefe kuma ina cajin waya. Daga inda nake zama a bakin ƙofa, ƙeyar ƴan kallo nake gani da hasken wayoyinsu. Matsayina ba ɓoyayye ba ne: caca haramun ce, ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida ba su bar wurin gardama ba, kuma lasisin gwamnati ba ya wanke ta a wurin Allah. Sai dai wanda ya riga ya faɗa ciki, da mahaifinsa, da yayansa da ke aiko kuɗi daga Abijan, da mai gidan kallo irina, muna bukatar wani abu a hannu ƙari a kan wa'azi. Abin da zan nuna shi ne yadda ake duba manhajar, da yadda za ka ari dokokin da wasu ƙasashe suka kafa ka ɗora wa kanka ko yaronka, tunda wayar ba za ta ɗora maka ba.

Fara da ƙasan shafi

Buɗe manhajar ko shafin, ka yi ta jan sa ƙasa har ka kai ƙananan rubutun nan da ba wanda ke karantawa. A nan ake rubuta sunan kamfani na ainihi, da ƙasar da ta ba shi lasisi, da lambar lasisin. Sau da yawa abin da za ka gani shi ne Curaçao, wani ɗan tsibiri a tekun Karebiyan da ke ƙarƙashin masarautar Holand. Lasisin can izini ne na can. Bai ce komai ba game da Nijar, kuma ranar da aka riƙe maka kuɗi, ofishin da za ka kai ƙara yana bayan teku.

A nan gida, LONANI ne kamfanin gwamnati da aka damƙa wa harkar lotari da caca, shi ne mai PMU ɗin nan na tseren dawakin Faransa da dattawa ke cikawa a kiyos. Tsarin kusan ɗaya ne da na maƙwabta: LONAB a Burkina Faso, LONASE a Senegal, LONACI a Kodebuwa, inda kamfani mai zaman kansa ke shiga kasuwar ta hanyar yarjejeniya da kamfanin gwamnati. Don haka tambayar da za ka yi wa wakilin da ke karɓar depo, wato kuɗin da ake sakawa cikin asusun caca, ɗaya ce: ina takardar da ta haɗa ku da LONANI? Idan ya nuna, ɗauki hotonta ka kai musu su gaskata. Idan ya fara kame-kame, ya ce ai kamfanin na duniya ne, ai tambarinsa na jikin rigar babbar ƙungiya, to ya ba ka amsa. Tambari a jikin riga kuɗin talla ne.

Alamu biyu kuma da ba sa bukatar karatu. Manhajar da aka turo maka ta WhatsApp ko Xender aka ce ka shigar da ita da hannu, tare da kashe gargaɗin da wayar ta yi. Da kuma depo da ake turawa lambar wani mutum, lambar yau daban ta gobe daban. Masu zirga-zirgar Konni da ke amfani da manhajojin Najeriya su ma su sani: a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar lotari ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Ma'ana abin da Legas ta yarda da shi ba lallai Sakkwato ko Kano su yarda ba. A Kano ma Hisba ta riga ta bi shagunan cacar tana rufewa tun Oktoban shekarar.

Sai ka duba abin da ake tallata maka ana cikin wasa

Nan ne gundarin maganar. Jira a fara wasa, ka shiga sashen kai-tsaye, ka karanta jerin abubuwan da ake cewa ka zuba a kai. Sannan ka gwada su da abin da ƙasashen da suka daɗe da halatta caca suka ƙi yarda da shi. Ka lura, waɗannan ba ƙasashen da suka hana caca ba ne. Suna karɓar haraji a kanta. Amma da suka zo kan ta cikin wasa sai suka ja layi.

Ostireliya ce ta fi tsanani. Dokarta ta 2001 ta hana zuba caca ta intanet da zarar an busa usur ɗin farawa. Wanda ya matsu sai ya ɗaga waya ya kira kamfani, ya yi magana da baki, ko ya taka zuwa shago. Kamfanoni suka ƙirƙiro dabara, maɓalli a manhaja da ke buɗe makirfo kamar ana kira alhali latsawa kawai ake yi. A 2017 majalisa ta gyara dokar ta toshe wannan ƙofa. Me kiran waya ke ƙarawa? Ɓata lokaci, kuma shi ake so. Kafin ka nemo lamba, a ɗauka, ka faɗi sunanka, ka furta adadin kuɗi da bakinka, zafin kan ya ɗan sauka, kwanar da kake hari ma an riga an buga ta.

Jamus ta bi wata hanya a yarjejeniyar jihohinta da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2021. An bar cacar cikin wasa, amma an rage mata fiffike: sakamakon ƙarshe, da wanda zai ci ƙwallo ta gaba a wasanni irin ƙwallon ƙafa da ba a cika zura da yawa ba. Caca a kan laifi ko hukuncin laifi, wato ƙeta da kati, an hana ta ɗungurungum. Wasannin yara da na waɗanda ba ƙwararru ba su ma an hana, in ba manyan gasanni ba. A ƙa'ida mutum ba zai yi depo fiye da yuro 1,000 a wata ba, kuma jimillar duk kamfanoni ake haɗawa, ba kowane da nasa ba. A kuɗinmu sefa 655,957 ke nan, mai yawa a gare mu, amma ka auna shi da albashinsu. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne wannan: idan ka ce a rage maka iyaka, nan take ake ragewa, idan ka ce a ƙara, sai ka jira kwana bakwai. Ba a yarda ka yi wasa a kamfani biyu lokaci guda ba, kuma akwai maɓallin gaggawa da in ka latsa an kulle ka awa 24.

Faransa ta buɗe kasuwar intanet da dokar 12 ga Mayu 2010, kuma tun 2020 hukumar ANJ ke sa ido. Su jeri suke fitarwa na gasannin da aka yarda a yi caca a kansu da irin sakamakon da aka yarda. Abin da ba ya cikin jerin, kamfani mai lasisi ba shi da ikon sa shi a allo. Wannan ya kamata ya tsaya wa samarinmu a rai, domin manhajar da ke hannunsu da Faransanci take magana, amma tana sayar musu da abin da ba za ta iya sayar wa Bafaranshe a Paris ba.

Amurka ta makara. Kotun Ƙolinta ta buɗe ƙofa a Mayun 2018, kowace jiha ta yi dokarta, cacar sakan-sakan ta bunƙasa. A Nuwamban 2025 aka gurfanar da ƴan wasa biyu na ƙungiyar Cleveland a wasan besbol, Emmanuel Clase da Luis Ortiz, bisa zargin suna ɓata wasu jife-jife da gangan don masu caca su ci. Sun musanta. Amma washegari hukumar gasar da manyan kamfanonin caca suka sanar da cewa zubi a kan jifa guda ba zai wuce dalar Amurka 200 ba, kuma ba za a haɗa shi cikin kupon mai wasanni da yawa ba.

To, idan jerin da ke wayarka yana da kati na gaba, jifa ta gaba, abin da zai faru cikin sakan sittin, ko wasan yara ƴan ƙasa da sha tara na wata ƙasa da ba ka iya nuna ta a taswira, ka san kana rumfar da Jamus ta rushe. Wannan shi ne awon, kuma bai fi minti biyar ba.

Dalilan da suka sa aka ware ta

Na farko maguɗi. Sayen wasa gaba ɗaya yana da wuya, sai an haɗa baki da mutane da yawa. Sayen kati guda kuwa mutum ɗaya ya isa, kuma ƙungiyarsa na iya cin wasan ba wanda ya lura. A Brazil a 2023 masu gabatar da ƙara na jihar Goiás suka bankaɗo ƴan wasan da ake biya don su jawo wa kansu kati. A kusa da mu kuwa, kowa ya tuna wasan neman shiga gasar cin kofin duniya tsakanin Afirka ta Kudu da Senegal a Nuwamban 2016, inda alƙalin wasa ɗan Ghana, Joseph Lamptey, ya ba da fenalti wai Kalidou Koulibaly ya taɓa da hannu, alhali a gwiwa ƙwallon ta same shi. Abin da ya tona asiri shi ne yadda kuɗi suka riƙa kwarara ana cikin wasa a kan cewa za a zura ƙwallaye da yawa. FIFA ta kore shi har abada a 2017, aka sake wasan, Senegal ta ci 2 da 0 ta tafi Rasha.

Mu ma ba mu tsira ba, kuma ba na jin daɗin faɗa. Wasan sada zumunta na Najeriya da Ajantina a Abuja, 1 ga Yuni 2011, ɗan ƙasarmu Ibrahim Chaibou ne ya busa. Najeriya na gaba da 4 da 0, aka nuna ƙarin minti biyar, wasa ya zarce har wajen minti takwas, aka ba Ajantina fenalti aka tashi 4 da 1. Masu sa ido sun ga zubi ya yi tashin gwauron zabo a kan cewa za a ƙara ƙwallo ɗaya, aka buɗe bincike. A Janairun 2019 FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada saboda karɓar cin hanci, da tarar kuɗin Suwizalan 200,000. Duk yaron da ya zuba a ranar cewa ba za a ƙara ci ba, da iliminsa na ƙwallo ya zuba, kuma ilimin bai yi masa rana ba.

Na biyu jinkirin hoto. Wannan kullum ina ganinsa. Ana tsaka da wasa, ƙwallo tana tsakiyar fili a talabijin, sai ka ji wani daga bencin baya ya ɗaga murya: "Kawu, sun kulle! Wallahi an ci!" Na kusa da shi ya ce, "Mi anka ci? Balo na tsakar fili!" Sai kowa ya yi tsit. A ja ƙwallo gefe, a kwaso ta, a sa kai, raga ta motsa. Wayar ta riga talabijin. Kamfani yana sayen labari daga mutanen da ke zaune cikin filin wasa suna latsawa nan take, mu kuma hotonmu sai ya hau tauraron ɗan'adam ya sauko kan faranti ya bi ta dikoda. Mai kallo ta intanet ya fi mu zama a baya. Ka gwada da kanka: ka riƙe agogo daga lokacin da kot, wato lambar da ake ninka zubinka da ita in ka ci, ya kulle zuwa lokacin da ka ga ƙwallo a raga. Waɗannan sakan ɗin su ne ratar da ke tsakaninka da wanda kake caca da shi. Ƙari a kan haka, in ka latsa ba nan take ake karɓa ba, sai an riƙe na ɗan lokaci. In abu ya juya ta gefenka a tsakanin nan, a ce kot ya canza.

Na uku shi ne wanda na fi so kowa ya iya, domin lissafi ne da kalkuletar waya ke yi. Ɗauki caca mai fuska biyu, za a yi ko ba za a yi ba, kowace fuska kot 1.85. Raba 100 da 1.85, ka samu 54. Ɗaya fuskar ma 54. Haɗa, 108. Wannan takwas ɗin da ta hau kan ɗari ita ce ladar kamfani. Wata hanyar gani: ka zuba jika a kowace fuska, jika biyu ke nan, dole ɗaya ta ci, a ba ka sefa 1,850. Sefa 150 ta tafi ko me ya faru a fili, wato bakwai da rabi cikin ɗari. Yanzu ɗan kabu-kabu da ya zuba dala ɗari, wato sefa 500, sau ɗaya kafin wasa, a tsaka-tsakin lissafi bai yi asarar da ta kai dala takwas ba. Shi ɗin dai, in ya juya dala ɗari sau talatin cikin minti casa'in, ya zuba jika goma sha biyar ba tare da ya taɓa riƙe jika goma sha biyar a hannu ba, ladar kamfani kuma ta haura jika guda. Kamar mai awo ne da ke rage ɗan tafi a kowace tiya: a tiya guda ba ka gani, sai an cika buhu. Yi wannan lissafin a kan cacar kwana da ta kati, ka gwada da ta sakamakon ƙarshe; galibi za ka tarar ƙananan sun fi tsada.

In kana taka leda ko kana busa

Gajeriyar magana ce. Duk wanda ke ƙarƙashin FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ɗan wasa, koci, alƙali ko jami'i, dokar ɗa'a ta FIFA ta hau kansa, kuma ta hana shi cacar ƙwallo kowace iri, da hannunsa ko ta hannun wani. Hukuncin ya kai dakatarwar shekara uku da tara mai nauyi. Ba sai ka yi maguɗi ba, zubin kansa laifi ne. Ɗan wasa Ivan Toney ya sha dakatarwar wata takwas a 2023, Sandro Tonali wata goma. Yaron da ke mafarkin rigar Mena, ƙungiyar ƙasarmu, kada ya bari a buɗe asusu da katinsa, ko da aboki ne zai yi amfani da shi.

Yadda za ka ari dokokin nan

Ga wanda ya ce zai bari gaba ɗaya, Allah ya ba shi iko, ya tsallaka zuwa maganar rufe asusu a ƙasa. Ga wanda bai kai nan ba, ga abin da na ga yana rage ɓarna.

Ari ta Ostireliya tukuna, don ita ce mai sauƙi kuma ita ce mai ƙarfi: an busa usur, an gama zubi. Kada ka dogara da niyya, niyya ba ta jure fenaltin minti tamanin. Raba hannunka da wayar. A wurina akwai akwatin caji mai lamba; mai so ya ba ni waya kafin a fara, in ba shi lamba, ba na karɓar ko dala a kan wannan, kuma sharaɗin da muke yi tun farko shi ne ba na mayarwa sai an tashi, ko da hutun rabin lokaci ya zo yana "Kawu, don Allah kira guda zan yi." In kira ne ga tawa. A fada ma ana iya yi, a tara wayoyi wurin mai dafa shayi.

Sai ta Jamus. Shiga saitin asusu ka nemi inda aka rubuta "jeu responsable" ko "limite de dépôt", ka sa iyakar mako, ka sa ta da safe lokacin da kanka ke sanyi. In manhajar ta bar ka ka ɗaga iyakar nan take, to iyakar ado ce, sai ka gina taka a waje: kuɗin cefane da na haya da na mai babur kada su kwana a layin da ke haɗe da manhajar. A mayar da su wani layi da ke hannun uwargida ko mahaifiya, ko a cire su a riƙe a takarda. Kwana bakwai ɗin nan na Jamusawa ma ana iya aro: duk ƙarin da ranka ya raya maka, faɗa wa mutum guda da kake jin nauyinsa, ka jira mako.

Bashi kuwa babu sassauci. Ingila ta hana caca da katin bashi tun Afrilun 2020, Ostireliya ta bi sahu a 2024. Mu ba mu da katin, amma muna da abin da ya fi shi: mai shagon transfa da ya san ka, wanda za ka ce wa "sa mini jika biyu, gobe in kawo." Ƴan'uwana masu wannan sana'a, ku daina. Ku ne katin bashin unguwa, kuma ku ne za ku ƙare da rigima da iyayen yaro. Haka wanda ke jinginar da waya ko takardun babur.

Kashe sanarwar manhajar, ka fita daga rukunonin Telegram da WhatsApp na masu raba kupon. Mai ba ka "kod promo" ba masoyinka ba ne. A tsarin da aka saba, ana ba shi kaso ne daga abin da mutanen da ya kawo suka yi asara. Mai sayar da wasan da wai an riga an saya kuwa, ka tambayi kanka abin da zai sa mai irin wannan sirri ya tsaya neman jika biyar ɗinka.

Ga iyaye. Wani dattijo, abokin mahaifina, ya taɓa zuwa da wayar jikansa a nannaɗe cikin hankici, ya ce, "Ɗana, duba mini abin ga, yaron ba shi barci." Ban buɗe manhajar ba ma. Saƙonnin kuɗi na buɗe, muka bi su tare, ina karantawa yana ƙirgawa da carbi: dala ɗari, dala ɗari, dala arba'in, jika, duk tsakanin ƙarfe takwas da goma na daren Talata da Laraba. Ya ce, "To ai lokacin balo ne." Na ce, "Shi ne, Baba." Nan za ku duba. Mai kupon na kafin wasa saƙo ɗaya ko biyu za ka gani da rana. Mai cacar cikin wasa saƙonninsa a jere suke, minti kaɗan tsakani, kuma adadin yana hawa yayin da dare ke yi, saboda yana bin abin da ya rasa. In yaron bai kai sha takwas ba, duba da katin wa aka buɗe asusun. Sau da yawa na yayansa ne ko na mahaifiyarsa, ba da saninsu ba. Ku kuma masu aiko kuɗi daga Abijan ko Libiya, ku turo wa wanda zai yi cefanen kai tsaye.

In an riƙe maka kuɗi, da yadda ake rufe asusu

Kafin komai tara shaida. Ɗauki hoton fuskar waya: lambar kupon, lokacin da aka karɓa, kot ɗin, da abin da ke cikin asusu. Kada ka goge saƙon kamfanin waya mai ɗauke da lambar hada-hada, shi ne kaɗai abin da ke nuna kuɗi sun fita daga hannunka zuwa wata lamba. Sannan karanta sharuɗɗan da ka amince da su ba ka karanta ba. Kusan kowane kamfani ya rubuta cewa yana da ikon soke zubin da aka yi bayan abin ya riga ya faru, ko wanda aka yi a kan kot na kuskure, kuma a cacar cikin wasa aka fi fakewa da wannan. In ka karɓi kyautar bonus, akwai sharaɗin sai ka juya ta sau da yawa kafin ka cire. In sunan asusu bai dace da na katin ɗan ƙasa da na layin waya ba, nan ma za su tsaya. Depo ba a tambayar kati, ranar cirewa ake tambaya.

Rubuta musu ƙorafi a rubuce, ba ta kira ba, ka ajiye amsar. In kamfanin yana da yarjejeniya da LONANI, kai takardunka can. In wakili ne ya karɓi depo ya ɓace, wannan zamba ce, kuma dokar 2019 ta yaƙi da laifukan intanet ta tanadi hukunci a kan zamba ta waya da kwamfuta. Kai ƙara kwamisariya da lambar da ka tura wa kuɗi da saƙon shaida, ka kuma sanar da kamfanin wayar da wuri. In kuwa lasisin na bayan teku ne kuma kamfanin da kansa ya riƙe, gaskiya damar dawowar kuɗin kaɗan ce, kada ka ƙara wasu a kai wurin masu cewa za su fito maka da su in ka biya.

Rufe asusu yana da tsari, kuma goge manhaja ba rufewa ba ne, minti biyu ya isa a dawo da ita. Jamus tana da rajista guda mai suna OASIS, Ostireliya tana da BetStop tun Agustan 2023, Ingila tana da GAMSTOP: ka sa sunanka sau ɗaya, duk kamfanoni masu lasisi su rufe maka ƙofa. Manhajar da ke da lasisin tsibiri ba ta cikin ko ɗaya, don haka ɗaya bayan ɗaya za ka bi su. Fara cire ragowar kuɗin, ka jira su shigo. Sannan nemi "auto-exclusion" a saiti, ko ka rubuta wa sashen kula da abokan hulɗa cewa a rufe asusun dindindin saboda matsalar caca, da waɗannan kalmomin, domin in ka ce hutu kawai kake so za su bar ƙofa a buɗe su biyo ka da tayin bonus. Ka ce a cire lambarka daga saƙonnin talla. Ka ɗauki hoton amsarsu. Bayan haka ka je wurin wakilin da ka saba yi wa depo, tare da wani babba na gidanku, a gaya masa a gaban shaida kada ya sake karɓar kuɗi da sunanka ko da lambarka.